Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Ƙasa Mai Kwal Zai Dawo?

Wani mai sauraronmu daga Illo, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, yana tambaya ko jirgin ƙasa mai tururi zai iya jigilar fasinja kullum a kan sabbin layukan dogo.

To Malam, da kamar wuya. Irinsa ne ya fara shiga Kano a 1911, daga baya aka riƙa ciyar da shi da kwal ɗin Inugu. Sai dai tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435, don haka tsofaffin injinan ba za su ma hau shi ba. Ko an ƙero sababbi, sai an tanadi tankunan ruwa da rumbunan kwal a hanya, ga mai zuba wuta, ga masu gyaran tukunya da suka yi ƙaranci. Kuma yawancin zafin kwal ɗin ta bututun hayaƙi yake salwanta.

Ingila ta daina amfani da jirgi mai tururi a manyan layukanta a 1968. A tsaunukan Harz na Jamus yana aiki har yau, amma 'yan yawon buɗe ido ne ƙashin bayansa.

Abin da ya fi damunmu, Malam, dogo bai shigo Kebbi ba. Tun 1929 ya tsaya a Kaura Namoda.