Gyaran Katakon Taga Kafin a Shafa Fenti

Jama'a, darasinmu na yau a kan katakon taga ne. Kullum yana waje, rana ta doke shi, ruwan sama ya jiƙa shi. In fentinsa ya tsattsage sai ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, gara ta sami abinci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma fenti ba ya kama ƙura, ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Wanda ya shafa bai gyara ba, ya yi asarar kuɗinsa. To, ga yadda za mu yi.

1. Mu jira damina ta wuce, katako ya bushe. Kada mu zaɓi ranar da ake hazo.

2. Mu wanke katakon da ruwa da sabulu, mu ɗauraye.

3. Mu kankare tsohon fenti da ya ɓamɓaro. Wanda ya kama sosai mu bar shi.

4. Mu caka tsinin wuƙa a katakon ƙasa, inda ruwa ke kwanciya. In ta nutse, ya ruɓe ke nan. Mu kira kafinta ya sake shi.

5. Mu buga ƙusoshin da suka ɗago. Mu cike ƙananan ramuka da garin katako da aka kwaɓa da gam wanda ruwa ba ya narkarwa.

6. Mu goge da samfefa, watau takardar nan mai kaushi ta kafintoci. Mu bi tsawon katako, kada mu gitta.

7. Mu share da tsumma mai laima, mu bar shi ya bushe sarai. Sa'an nan mu shafa fentin fari, wanda katako ke sha. Sai ya bushe za a shafa mai launi.

Ga gargaɗi. Wani tsohon fenti yana da dalma a ciki, dalma kuwa guba ce. A 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara da yawa a Zamfara. Saboda haka mu yayyafa ruwa kafin mu kankare ko mu goge. Kada mu ƙona fenti da wuta. Yara da mata masu ciki su yi nisa. Mu kwashe ɓawon fenti duka, mu wanke hannu kafin mu ci abinci.

Tambayoyi
1. Yaushe ya kamata a yi wannan aiki?
2. Yaya za mu gane ruɓaɓɓen katako?
3. Don me ake yayyafa ruwa?