Gyaran Tsohuwar A-kori-kura: Riba Ko Hasara?

Duk shekara in kaka ta yi, kuɗin riɗi da gyaɗa suka shigo hannu, akan sami manomi ko ɗan kasuwa a Maruta da kewayenta wanda zai ɗaga ido ya dubi wata tsohuwar a-kori-kura da aka ɗora bisa duwatsu a bayan gida, ya ce bana sai ya tashe ta. Waɗansu sun yi haka sun ci riba. Waɗansu kuwa sun sayar da shanun huɗa sun zuba mata, ga ta nan har yau kaji na kwana a ciki. Don haka ya kamata mutum ya yi lissafi tun bai kira makanike ba.

ASALIN MOTAR

Yawancin waɗannan motoci Peugeot ne, ƙirar Faransa. Samfurin 404 ya fito a 1960, samfurin 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, shi ya sa ƙirar ta cika ƙasar nan, makanikai suka san ta ciki da waje. Amfaninta shi ne injinta ba shi da rikici. Kafireta gare ta, ba kwamfuta, mai gyara na Gwaram ko Birnin Kudu yana iya kwance ta a gindin bishiya ya mayar. Aibinta kuwa an daɗe da daina ƙera ta, saboda haka kayan gyara na asali sai a hannun masu kwance tsofaffin motoci, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sababbin da ke cikin kwali kuwa akwai jabu da yawa a cikinsu.

A Amurka da Turai masu kuɗi sukan gyara irin waɗannan tsofaffin motoci don sha'awa, sau da yawa ma abin da suka kashe ya fi abin da za a saye ta. Su ado suke nema. Manomin Maruta kuwa jakin aiki yake nema, wanda zai kai taki gona, ya kai hatsi kasuwar Sara, ya komo da kuɗi.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A DUBA

Na fari, ƙashin motar, watau ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da inji da bodi. A shiga ƙarƙashi da guduma a ƙwanƙwasa, musamman wurin da sifirin na baya ya kama. In tsatsa ta ci shi har yana zuba, ko an sha yi masa walda wuri guda, a bar ta. Inji akan sake shi, amma ƙashin da ya ruɓe ba ya ɗaukar kaya, wata rana zai karye a hanya da mutane a sama.

Na biyu, inji. In yana tashi, a dubi hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce ringi sun cinye, baƙin mai yana ƙonewa tare da fetur. Wannan gyara ne sananne, ana iya sanin kuɗinsa. Amma in aka zaro sandar awon mai aka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, to, ruwan lagireto ne ke shiga cikinsa. Wataƙila gasket ne ya ƙone, wannan da sauƙi. Wataƙila kuwa kan injin ne ya tsage, sai an sayo wani.

Na uku, giya da birki da taya. Motar da ta shekara biyar a ajiye, ko da tayoyinta suna da zane, robar ta bushe ta tsattsage. Robobin birki ma haka. Batir kuwa ya daɗe da mutuwa. Waɗannan su ne akan manta a lissafi, alhali kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

Na huɗu, takardu. In motar gado ce, a tabbata an raba, magada sun yarda a gaban shaidu. Kada mutum ya gama gyara sa'an nan 'yan'uwa su taso su ce da rabonsu. In saye za a yi, a ga takardun asali, a gwada lambar da ke jikin ƙashin da ta takarda.

LISSAFI

Ga misali don a gane hanyar lissafin, kowa ya sa nasa kuɗin a gurbin waɗannan. A ce dukan gyara, har da taya da batir da takardu, zai ci naira 2,000,000. A ce kowane sawu, bayan an fid da kuɗin mai da na direba da na tasha, ana saura da naira 20,000. In motar tana sawu 2 a mako har mako 30, watau daga kaka zuwa ƙarshen rani, sawu 60 ke nan, kuɗinsu naira 1,200,000. A ware sulusi, naira 400,000, don gyaran yau da gobe, gama tsohuwar mota ba ta rasa ciwo. Saura 800,000. Cikin shekara biyu da rabi uwar kuɗi ta komo. Wannan ciniki ne mai kyau.

Amma in gonar mai ita kaɗai za ta yi wa aiki, sawu 10 a shekara, abin da ta tsirar masa 200,000 ne. Sai ta shekara 10 kafin ta biya kanta, in ba ta taɓa lalacewa ba, wanda kuwa ba ya yiwuwa. Irin wannan manomi haya ta fi masa, ko amalanken shanu.

Lalle kuma a lura da fetur. Kafin a janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin Oktoba 2024 ta haura naira 1,000. Kafiretar da ta tsufa tana shan mai fiye da ƙima, saboda haka a cika tanki, a yi tafiya wadda aka san nisanta, a sāke cikawa a ga lita nawa ta sha.

SHAWARA

Kada a ba makanike kuɗi dunƙule. A sa shi ya kwance ya faɗi abin da ake bukata, a rubuta, mai mota ya bi shi kasuwa a saya a gabansa. Kowane adadi aka faɗa a ƙara rabinsa, gama in an buɗe inji akan tarar da abin da ba a zata ba. A fara da birki da inji, fenti shi ne na ƙarshe, in ma ba a yi ba hatsi ba ya ƙin shiga. In an gama, kada a ɗora mata fiye da buhu 10 masu kilo 100, gama ƙarfinta wajen tan guda ne. Lodin wuce kima shi ya kwantar da yawancinsu tun farko.

Abin da ya fi duka: kada a taɓa kuɗin taki, ko iri, ko shanun huɗa. Gona ita ke ciyad da mota. Wanda ƙashin motarsa ke da lafiya, yana da kayan dako na mutane, yana kuma da rarar kuɗi, ya gyara, Allah ya sa albarka. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, ya sayar wa masu kwancewa ya sayi ɗan maraƙi ya ɗaure. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.