Darasi Daga Ƙasar Filifin: Masu Gadin Ƙuri'a

A shekarar 1983, bayan an kashe Benigno Aquino a filin jirgin saman Manila, waɗansu 'yan ƙasar Filifin suka kafa ƙungiya mai suna NAMFREL. Ba jam'iyya ba ce, ba ta kuwa tsayar da ɗan takara ba. Nufinta ɗaya ne: ƙuri'ar da talaka ya jefa, ita za a ƙirga.

Sa'ad da Shugaba Ferdinand Marcos ya kira zaɓe ranar 7 ga Fabrairu, 1986, mutane wajen 500,000 suka ba da kansu domin aikin, ba tare da biya ba: malamai, ɗalibai, 'yan kasuwa da Sistoci. Suka yi gadin akwatunan zaɓe, ba makami a hannunsu. Lissafin hukuma ya ba Marcos nasara, amma na NAMFREL ya nuna Corazon Aquino, matar marigayin, ce a gaba. Bishop-bishop na Katolika suka fito fili suka ce an yi maguɗi. Daga ranar 22 zuwa 25 ga watan, bisa ga kiran Kardinal Jaime Sin, jama'a suka cika titi suna addu'a a gaban tankokin yaƙi, har Marcos ya bar ƙasar.

Me ya sa aka gaskata shaidar NAMFREL? Domin ba kujera take nema ba, kuma da idonta ta ga ƙirgar, rumfa bayan rumfa.

Tambaya domin tunani: in zaɓe ya zo, za ka iya kare ƙuri'ar maƙwabcinka wanda bai zaɓi ɗan takararka ba?