Alƙali Shuraihu da Rabon Gado

Ba da kamun ƙafa Shuraihu ɗan Harisu ya sami alƙalanci ba. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya sayi doki, dokin ya yi rauni a hannunsa, mai shi ya ƙi karɓa. Da suka je gaban Shuraihu sai ya yanke cewa Halifa ya riƙe abin da ya saya, ko ya mayar da shi yadda ya karɓa. Maimakon fushi, Umar ya naɗa shi alƙalin Kufa, ya yi wajen shekara 60 yana shari'a.

A zamanin alƙalancinsa wata mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da shaƙiƙai mata biyu, da li'ummai biyu. Kason magada ya zarce dukiyar, sai ya yi auli, ya ɗaga asalin rabo daga 6 zuwa 10, ragin ya shafi kowa. Mijin ya sami 3 cikin 10 maimakon rabi, ya shiga gari yana ƙorafi, amma hukunci bai canja ba. Malaman gado suna kiran wannan mas'ala Shuraihiyya.

Wanda bai karkata saboda Halifa ba, surutun magaji ba zai karkatar da shi ba. Irinsa ya cancanci a danƙa wa dukiyar marayu. Wallahu a'alamu.