AGOGON DA KE AIKI DA ƘASA: INA SIRRINSA?

Mai karatu zai yi mamaki in aka ce masa agogo na iya aiki da ƙasa mai laima ba tare da batir ɗin kanti ba. Ba sihiri ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. A shekarar 1800 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba tsakaninsu da abin da aka jiƙa da ruwan gishiri, ya sami lantarki. Daga sunansa aka samo awon ƙarfin lantarki, wato bolt. A cikin shekarun 1840 kuma Alexander Bain, mutumin Sikotilan, ya binne waɗannan ƙarafa biyu a ƙasa, ya tafiyar da agogo da su.

Yadda ake haɗawa

A sami kofunan roba uku, a cika su da ƙasa, a jiƙa da ruwan gishiri. A kowane kofi a soka ƙusar kwano, wadda aka shafe da tutiya, da guntun wayar jan ƙarfe, kada su taɓa juna. Sai a ɗaure jan ƙarfen kofi na fari da ƙusar na biyu, na biyu da ƙusar na uku. Jan ƙarfen da ya rage shi ne zai shiga gefen agogo mai alamar (+), ƙusar da ta rage kuma gefe mai alamar (−). Kofi ɗaya ba ya kai bolt 1, shi kuwa ƙaramin agogo mai nuna lokaci da lambobi bolt 1.5 yake bukata. Lemon tsami ma yana iya maye gurbin ƙasa.

A gari irin Gombe, inda ƙasa ke da yashi, ya fi kyau a nemo lakar fadama, domin ta fi riƙe ruwa. Da rani, musamman lokacin hunturu, sai a riƙa yayyafa ruwa, don da zarar ƙasar ta bushe agogo ya tsaya.

Abin lura

Ƙarfin ba daga ƙasa yake fitowa ba. Tutiya ce ke cinyewa sannu a hankali, cinyewar nan kuwa ita ke haifar da lantarki. Aikin ƙasa mai laima kawai shi ne ta zama hanya tsakanin ƙarafan. Ran da tutiya ta ƙare, batir ya mutu. Ƙarfinsa kuma kaɗan ne ƙwarai, ba ya juya fanka, balle ya haskaka gida. Saboda haka duk wanda ya zo yana tallar na'urar da za ta ba gida wuta kyauta daga ƙasa, a yi hattara da shi.

Ana kira ga malamai da iyaye su gwada wannan tare da yara. Amma kada a bar yaro ya fasa tsohon batir don neman ƙarfe, musamman na mota, wanda ke ɗauke da dalma da ruwa mai ƙona fata. Haka kuma kada a kuskura a haɗa wannan gwaji da wayar wutar gida.