Amsoshin Tambayoyinku: Idan Na'urar Gargaɗi Ta Yi Shiru, In Matsa Kusa Da Katafila?

Tambaya: Ni makanike ne a wani wurin fasa dutse. An raba mana wata 'yar na'ura da muke maƙalawa a jikin hular kwano, wai tana ƙara idan mutum ya kusanci katafila. Yaya take aiki? Kuma idan motar tana tsaye, na'urar ba ta yi ƙara ba, ke nan babu laifi in matsa kusa?

Amsa: Bari mu fara da ƙarshen tambayarka, don ita ta fi shafar rai. A'a, shirun na'ura ba izini ba ne. Izini daga wurin direba yake fitowa.

Dalilin ƙirƙiro waɗannan na'urori shi ne direban babbar mota ba ya ganin abin da ke gindinta. Ɗauki tifar ma'adinai ta Caterpillar 797F, wadda ke ɗaukar kaya sama da tan 360, tayarta kuma ta kai kusan mita 4 a tsaye. Direbanta yana can sama a ɓangaren hagu. Ƙaramar mota sukutum za ta iya fakewa a damansa bai sani ba, balle mutum mai tafiya a ƙasa.

Irin na'urar taku tana da sassa biyu. Akwai na jikin motar, wanda ke watsa sigina ta rediyo ko ta maganaɗisu a kewayenta, akwai kuma wanda ke jikinka. Idan suka ji juna, naka zai yi ƙara ko ya girgiza, fitila kuma ta kama a gaban direba. Galibi ana raba kewayen gida biyu: na nesa don jan kunne, na kusa don haɗari. Wasu motocin kuwa rada ko kyamara suke amfani da ita, ba sa bukatar ka ɗaura komai, sai dai ƙura, laka da duhu suna rage wa kyamara gani.

Ba duka ne ƙarfinsu ɗaya ba. Wata gargaɗi kawai take yi, wata kuma tana taka birki da kanta. A shekarar 2015 hukumar kula da lafiyar ma'aikatan ma'adinai ta Amurka ta wajabta irin mai tsayar da inji a kan injinan yankar kwal na ƙarƙashin ƙasa. Afirka ta Kudu ma, tun Disamban 2022, ta sa dole motocin dizal na cikin ma'adinai su iya rage gudu su tsaya da kansu. Saboda haka ka tambayi shugaban sashenku wace iri ce taku.

To, me ya sa motar da ke tsaye ta fi wuyar sha'ani? Na ɗaya, a motoci da yawa idan an kashe inji ko an cire makullin batir, sashen jikin motar shi ma ya mutu. Kana iya kasancewa a ƙarƙashinta lokacin da wani zai hau ya tayar. Na biyu, makanikai da masu zuba mai dole su riƙa zuwa jikin mota, to da na'urar za ta yi ta kururuwa duk lokacin, da kowa ya gaji ya daina kula ta. Shi ya sa masu ƙera wasu suke haɗa ta da birkin ajiye mota, ta yi shiru ko ta rage kewayenta idan an ja shi. Na uku, mota ba sai ta gusa take kisa ba. Injin haƙa yana tsaye wuri ɗaya zai juya jikinsa, nauyin bayansa ya matse mutum da bango. Bokitin da aka bari a sama yana iya saukowa idan tiyon mai ya fashe. Motar da aka ajiye a gangare ba weji tana iya silalowa. Na'urarka ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ga yadda ya kamata ka yi. Ka tsaya daga nesa inda direba zai gan ka. Ma'adinai da dama sun sa iyakar mita 50. Ka kira shi ta oba-oba, ka ambaci lambar motar, ka jira ya amsa. Ɗaga hannu bai isa ba sai ya mayar maka. Ka bari ya sauke bokiti ƙasa, ya ja birki, ya kulle sandunan sarrafawa. Sannan ka tunkare shi ta gefen ɗakin direba, kada ka bi ta baya. Idan ba kowa a ciki kuma aiki za ka yi, ka cire makullin batir, ka sa kwaɗonka, mabuɗi a aljihunka, ka sa weji. Ka kuma riƙe alamar oda da ake bi a wurare da yawa: ɗaya za a tayar da inji, biyu za a yi gaba, uku za a yi ribas.

Ita kanta na'urar tana bukatar kulawa. Ka yi mata caji, ka gwada ta kowace safiya, kada ka manna ta da waya ko oba-oba, don wasu kayan lantarki suna rikita masu aiki da maganaɗisu. Idan tana yawan ƙara ba dalili, ka kai rahoto a gyara, kada ka cire ta ka jefa a akwatin kayan aiki.

Hausawa na cewa, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Ku da kuke wuni a jikin waɗannan motoci ku sabo ya fi yaudara. Ka ɗauki na'urar a matsayin ƙari a kan ƙa'ida, don ranar da kai ko direba wani ya shagala. Allah Ya tsare, Ya sa a tashi aiki lafiya.