Gurbin Jami'a Da Kuɗin Karatu: Lissafin Uba Ɗan Kasuwa

Ɗan kasuwar Yana ba ya sarin buhun gero sai ya san farashinsa a kasuwar Azare. Amma idan ɗansa zai cike fom ɗin JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 domin shirya jarrabawar shiga jami'o'i, sau da yawa yakan bar zaɓin jami'a ga yaron da mai shagon kwamfuta. Alhali a wannan zaɓi ne ake yanke rabin hukuncin samun gurbi da yawan kuɗin da zai fita daga jari.

Jami'o'in tarayya suna raba guraben shiga gida uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da ke baya a ilmin zamani, waɗanda Bauchi ke cikinsu. Saboda haka yaron ƙaramar hukumar Shira da ya zaɓi Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi yana da ƙofa uku. Idan ya zaɓi Jami'ar Legas, ƙofar tsakiya ta rufe. Takardar shaidar asali ita ce hujjarsa, don haka a nemo ta da wuri.

Kusanci kaɗai ba ya wadatarwa. Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021 tana nan kusa, amma masu neman likitanci sun ninka guraben da ke akwai, kuma karatun shekara 6 ne, ba 4 ba. Uban da ya tilasta wa yaro wannan fanni ba tare da duban makinsa ba, yana iya sayen fom shekara biyu a jere.

Game da kuɗi, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista a 2023. Duk da haka, masauki da abinci da kuɗin mota ne ke cin aljihu a hankali, kuma a nan jami'ar jiha da ke Gadau take da sauƙi ga mutumin ƙasar Katagum.

Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, yana biyan makaranta kai tsaye. Ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda ya kai ɗansa jami'a mai zaman kanta ba ya cikin wannan tsari.